Takardar da Mai Ita Ba Ya So a Karanta

Aikin farko da na ga an yi a ɗakin ɗab'in Alhaji Na'Allah katin ɗaurin aure ne. Rubutun bai cika tafin hannu ba, amma tun hantsi Malam Yohanna yake kansa har aka kira azahar bai ce ya yi ba. Ya sa sunan ango a tsakiya, ya cire, ya sauya harafi, ya matsar da layi ƙasa da kaurin farce, ya buga gwaji, ya miƙa hannu nesa yana kallo da ido ɗaya. Ni ina tsaye da tsumma da kwalbar kananzir, ina cewa a raina wannan dattijo ɓata lokaci ya iya. Na san abin da kuke faɗa a kaina ke nan yanzu, in na tsaya a bayan ɗayanku yana danna kwamfuta na ce a rage girman wancan layi. A ganinku zaɓen harafi da launi aikin ɗan yatsa ne. To ku ajiye wayoyin nan ku ji.

Zamanin Turawa ne, 'yan shekaru kafin su tattara su tafi. Alhaji ɗan kasuwa ne a nan Kontagora, gishiri da kanwa da atamfa yake sayarwa, ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba. A wata tafiya da ya yi kudu ya tarar ana gwanjon tsohon injin buga takardu, irin wanda ake takawa da ƙafa kamar keken ɗinki. Ya saya, aka ɗoro shi a jirgin ƙasa zuwa Zungeru, daga can a mota. Sai da inji ya zauna a ɗakin bayan kanti sannan Alhaji ya tuna ba shi da wanda ya iya shi. Aka yi masa kwatancen Malam Yohanna, Kirista, manomi daga wajen Rijau, wanda ya koyi aikin a hannun 'yan mishan yana saurayi. Ya bar gona a hannun ƙannensa ya zo. Hausarsa ta mutanen can ce, yakan ce da mace “ya zo”, amma a rubuce ban taɓa ganin mai tsantseni irinsa ba. Ni kuma na gama elemantare ba aiki, kawuna ya kai ni. Baba nake kiransa, shi kuma ya ce Garba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai akwatunan haruffa, faffaɗa kamar faranti, kowanne an raba shi gida-gida, kowane harafi da gidansa. Harafin ɗan guntun darma ne, a juye yake, sai an buga ya miƙe. Akwai ɗan ƙarfen da ake riƙewa a hannun hagu ana jera haruffa ɗaya bayan ɗaya, da hantsaki, da firam ɗin da ake ɗaure jerin a ciki, da rola mai shafa tawada. Rolar nan abokiyar gaba ce. Da bazara ta narke, da damina ta kumbura, in ka manta ba ka rufe ba ɓeraye su ci rabinta. Abu na farko da Baba ya koya mini shi ne kada in yarda da komai: kada in yarda da tawada sai na shafa a takarda, kada in yarda da takarda sai na ɗaga ta a hasken ƙofa, kada in yarda da idona sai na karanta layi daga ƙarshe zuwa farko. Mai kawo aiki kuwa, ya ce, a yi masa fara'a, a ba shi kujera, amma a riƙa kallon hannunsa.

Wani aiki da nake tunawa shi ne na wani dillalin fatu da ya zo da kati da aka buga masa a kudu, ransa a ɓace. An rubuta ana maraba da baki, alhali baƙi yake nufi, abokansa kuma sun sa shi a gaba da tsiya. Haruffan da suka zo da injinmu na Turanci ne, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Wasu masu ɗab'i sukan liƙa ɗan waƙafi a gefe su wuce. Baba bai yarda ba. Yakan ɗauki k, ya yanko lanƙwasar saman f da magagari, ya haɗa su da darma a bakin wuta, ya goge har su zama harafi ɗaya. Ƙugiyarsa takan ɗan karkata dama fiye da ta littattafan makaranta. Duk wanda ya saba da takardunmu yana gane ta.

Launi kuwa, kowa ja yake so. Mai sabulu ja, mai gayyatar suna ja, mai neman jakinsa da ya ɓace ja. Ba su san launi biyu bugu biyu ba ne: a buga baƙi, a jira ya bushe, a wanke inji tas, a sa ja, a mayar da kowace takarda daidai inda ta kwanta da farko. In ta goce da kaurin gashi, jan ya hau kan baƙin, aiki ya lalace. Baba yakan ce da su ja a wuri ɗaya kawai yake magana, in aka zuba shi ko'ina ihu ne, ba mai jin ihu. Wani mai sayar da keke ya dage kowane layi da irin harafinsa, wai don a san yana da hali. Baba ya buga masa gwaji biyu, nasa da namu, ya manna a bangon kanti, ya ce ya tsallaka hanya ya duba. Mutumin ya dawo ya zaɓi namu, amma har ya bar garin nan yana zargin da gangan aka munana nasa.

Mutanen Rijau sukan kawo waƙoƙin sujada a buga musu. Su manoma ne, da yawansu da girma suka koyi karatu, suna bi da yatsa. Baba yakan ba su harafi mai gwaɓi, ya buɗa tsakanin layi da layi, ya bar fili a gefe inda babban yatsa zai riƙe ba tare da ya rufe rubutu ba. Alhaji yakan yi ƙorafi wai farin da aka bari asarar takarda ce. Baba ya ce, “Alhaji, in ka cusa dawa a rami ɗaya ba za ka ci tuwo ba. Rubutu ma tazara yake so.” Haka kuma in aikin Musulmi ne mai sunan Allah a ciki, takardun da suka lalace ba a ba masu ƙosai. Baba da kansa yake tattarawa ya miƙo mini in ƙona. Ya fi ni tsanani a kan wannan.

Na kai shekaru a wurin, na yi aure, na iya jeri ba tare da duba akwati ba, sannan muguwar shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Shanu suka shiga ramewa, ciwon sammore ya kama garkuna a dazukan Zugurma. Ba mai aure, ba mai buɗe kanti, ba mai neman kati. Takarda ma ta yi wuya, wadda ta rage mana ta fara yin ja a gefe. Wuni guda sai mu share inji, mu shafa masa mai, mu zauna. Alhaji ya fara leƙowa yana kallon injin kamar mai auna nauyinsa a kasuwar tsofaffin ƙarafa.

A cikin wannan hali wani mutum ya jingine sabon keke a ƙofa. Gajeren wando, doguwar safa, alƙaluma jere a aljihun riga. Ya ce sunansa Malam Sule, daga gabas yake, maganin shanu yake sayarwa.

“Sannunku da aiki. Wane ne babba a nan?”

Baba ya ba shi kujera. Mutumin ya kwance ƙunshi daga bayan keke: takardu ne masu yawa, ruwan ɗorawa, an riga an yanka su daidai wa daida. Ni da Baba muka dubi juna. A shekarar da farar takarda ta gagari mai ɗab'i, ga mutum da takarda mai launi a yanke. Ya sake zaro wani abu a naɗe cikin hankici, hoton kan saniya ne da aka sassaƙa a ƙarfe aka kafa a katako, aikin gwani, ba na nan kusa ba. Sannan ya shimfiɗa zanen yadda yake so. Da rula aka yi shi. Baƙin layi mai kauri ya kewaye takardar. Kan saniya a sama a tsakiya. Ƙarƙashinsa ALLURAR SHANU da manyan baƙaƙe mafi girma da muke da su. Sauran rubutun a raba gida biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, da harafi mafi ƙanƙanta.

Mai kawo aiki yakan san abin da yake so ya faɗa, ba ya sanin yadda zai zauna a takarda. Wannan ya san kaurin layi, bai damu da maganar ba.

Baba ya ce, “Malam, su wa za su karanta?”

“Makiyaya mana.”

“Makiyayan Zugurma da Kaboji suna jin Turanci?”

Ya yi dariya. “Yana ƙara wa takarda kwarjini.”

“To a cire shi, fili ya samu, in ƙara wa Hausar girma. Wannan harafi ko ni sai na matso da shi hanci. In sun kai wa wani ɗan makaranta a kasuwa ya karanta musu, ya gani da sauƙi.”

“A'a, a bar shi yadda na zana.”

“Sunanka fa, da inda za a same ka? Ban gani ba.”

“Ba sai an sa ba. Ni nake zuwa wurinsu.”

“Ba ka son ɗan ja a sama? Yana jan ido a kasuwa.”

“Baƙi kawai,” in ji shi, da sauri. Shi ne mutum na farko da na ji ya ƙi ja.

Ya wuce kanti suka daidaita da Alhaji, muka ji dariyarsu ta bango. Alhaji ya shigo fuska a sake, rabon da in ga haƙoransa tun farkon damina. Ya ce aikin nan zai riƙe mu har kaka mai zuwa, don mutumin ya ce zai riƙa dawowa.

Ni na jera rubutun. Na karanta shi kalma kalma ina neman ƙarya, ban samu ba. Ya ce allura ce mai ƙarfafa shanu, a kawo su wuri ɗaya, a biya kafin a yi. Babu inda aka ce ta hukuma ce. Babu kuma inda aka ce ba tata ba ce. Muka ɗaure a firam, muka buga gwaji, muka rataya a igiya. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ce, “Garba, mai talla yana so a ji shi. Wannan yana so a gan shi, ba ya so a ji shi. Ban san dalili ba tukuna.”

Daga nan ya shiga jan ƙafa. Yau rola ta yi laushi, gobe tawada ta yi kauri. Alhaji ba yaro ba ne. Ya kira ni cikin kanti, ya sa na tsuguna a bayan buhunan gishiri, ya rage murya.

“Garba, tsakaninka da Allah, rolar nan ta lalace?”

“Ta ɗan yi laushi, Alhaji.”

“Ta ɗan yi. Ka ga, ni na san mutanensu na mishan suna nemansa ya koma. Kada ya zama so yake ya kashe mini wuri ya tafi da mai aikin can. Ka sa masa ido, abin da ka gani ka gaya mini.”

Da na koma, Baba bai ɗago kai ba. Ya ce, “An ba ka aikin gadi?” Ranar ba mu ƙara magana ba, ko hantsaki yake so sai ya taso ya ɗauka da kansa.

Ardo Jaɓɓi ne ya warware mana. Dattijon Bafillace ne, rugarsa tana wajen Kaboji, tsohon mai sayen kanwa a wurin Alhaji. In ana auna masa kaya yakan zago ɗakinmu ya sha ruwan randa ya kalli inji. Ranar yana tsaye a bakin ƙofa, moɗa a hannu, sai ya hango takardar a igiya. Ya sauke moɗar.

“Alhamdu lillahi. Yaushe masu allura za su zo?”

Baba ya ce, “Wa ya ce maka za su zo, Ardo?”

“Ga takardarsu can.”

“Ka karanta ne?”

“Ina na iya? Ai ba sai an karanta ba. Rawaya, baƙin gefe, kan nagge a sama. Irinta malamin dabbobi yake kafawa a jikin tsamiyar kara, inda ake cinikin shanu, in likita zai fito. Da mun gani mu kora shanu.”

Baba ya dube ni, wannan karon kai tsaye. Ya karyo tsinken tsintsiya daidai faɗin takardarmu, ya ba ni, ya ce in je kara. Na tarar da tsohuwar sanarwa a jikin tsamiya, ruwa ya dake ta, rana ta cinye launin, saura kaɗan ta faɗi. Na ɗora tsinken. Bai wuce ba, bai gaza ba. Kan saniyar ma kusan ɗaya, sai dai na hukuma ƙahonsa ya fi buɗewa, kuma a ƙasa akwai sunan ofis da sa hannu, inda namu yake fili.

Baba ya zaunar da Ardo ya yi masa bayani da Hausa, ya maimaita, har sai da Ardo ya faɗa da bakinsa cewa wannan ba ta likita ba ce. Sannan muka shiga wurin Alhaji.

Alhaji ya saurara har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce, “Akwai ƙarya a rubutun?”

“A rubutun babu, Alhaji. A kamannin take.”

“Kamanni! Hukuma ce ta halicci ruwan ɗorawa? Ko saniya tata ce ita kaɗai? Mutum ya kawo takardarsa, ya kawo hotonsa, ya ce a buga. In na sayar wa mutum wuƙa sai na bi shi gida in ga abin da zai yanka?”

“In ya ce ka goge sunan maƙerin, ka tambaye shi dalili.”

Alhaji ya ajiye carbin. “Yohanna, faɗa mini gaskiya. Ko dai ka yi masa alkawarin kai shi wurin mutanenku ne su buga masa da araha?”

Baba ya kwance ƙyallen da yake ɗaurawa a ƙugu, ya ninke, ya ɗora a kan buhu. Ya ce, “Injinka ne, Alhaji. Ga Garba nan, ya iya jeri, ya iya taka inji. Ni dai ƙafata ba za ta hau ba.”

Alhaji ya juyo gare ni. Ina da mata da jariri, gero ya yi tsada. Na san wa'azi ba zai shige shi a ranar ba, don haka na faɗi abin da zai shige shi. Na ce, “Alhaji, a rubutun nan akwai ƙ, akwai ɗ. Ƙugiyarmu babu mai irinta daga nan har Zungeru. In magana ta tashi, ba sai an yi bincike ba, kowane akawu zai ce daga ɗakin Alhaji Na'Allah ta fito. Shi mai keke ya hau kekensa. Kai kantinka ba ya tafiya.”

Alhaji ya ɗauki carbinsa. Daga baya ya ce, ba tare da ya dubi kowa ba, a yi wa mutumin wani tsarin, in ya karɓa shi ke nan.

Baba ya ɗaura ƙyallensa ya jera sabo. Farar takarda, babu baƙin gefe, babu saniya, Hausa zalla da harafi mai gwaɓi, a can sama kuma, da ja, MAGANIN MALAM SULE, da fili a ƙasa na sunan garinsu. Wallahi ta fi ta farko kyau nesa ba kusa ba. Mai gaskiya da ya rungume ta.

Malam Sule ya zo, ya duba, ya yi murmushi. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Ya ce, “Aiki ya yi kyau, amma ba shi na ce ba.” Ya karɓi kuɗin da ya bari a hannun Alhaji, ya naɗe kan saniyarsa a hankici, ya ɗaure takardunsa. Har ya kai ƙofa ya juyo ya ce akwai waɗanda muka yi gwaji da su. Ya tsaya sai da muka ciro ta kan igiya, da waɗanda suka lalace a kwando, ya cusa a aljihu. Ya hau keke ya yi hanyar kudu.

Baba ya je ya gaya wa malamin dabbobi, shi kuma ya ce zai kai maganar gaba. Ardo ya gaya wa mutanensa da waɗanda ya haɗu da su a mashaya. Alhaji kuwa ya daina shigowa ɗakinmu. In Baba ya gaishe shi sai ya amsa da ka.

Bayan an yi ɗan girbin da aka samu, wani direba ya kawo mana takarda daga kasuwar Auna, ya ce, “Ba aikinku ba ne wannan?” Ruwan ɗorawa, baƙin gefe, kan saniya. Wani wuri aka buga masa, k ɗinsu ba ƙugiya. Labarin ya biyo baya. Wasu mutane cikin kaki sun bi rugage da takardar da manyan sirinji, sun karɓi kuɗi, inda babu kuɗi sun karɓi maruƙa. Abin da suka ɗura wa shanun Allah kaɗai ya sani. Wurin allurar ya kumbura ya ruɓe, shanun, da ma ciwo ya riga ya raunana su, suka riƙa faɗuwa. Rugar Ardo da na kusa da shi sun kori mutanen. Na can cikin dajin Zugurma ba su ji gargaɗin ba. Akwai wanda ya fito daga dajin da sanda kawai.

Wata rana da safe 'yan doka suka zo. Mutane sun ga keken a ƙofarmu ba sau ɗaya ba, kuma mu kaɗai ne masu inji a duk yankin. Kan saniyar suke nema. Na ce musu mai shi ya tafi da abinsa, na nuna musu bambancin ƙugiya. Sajan ya ce shi ba a aiko shi karatu ba, an ce ya duba ko'ina. Ya sa aka zaro akwatunan haruffa.

Na ce, “Ranka ya daɗe, don Allah kada a haɗa su. Ku duba gida-gida, ni zan ɗaga muku.”

Ya ce, “Kai za ka nuna mini inda zan duba?”

Suka kawo buhunan gishirin Alhaji da babu komai, suka riƙa kifa akwati bayan akwati a ciki. Manya da ƙanana, masu gwaɓi da sirara, duk a buhu ɗaya. Baba yana tsaye yana kallo. Suka tafi da buhunan, da shi, da Alhaji.

Ba su daɗe a tsare ba. Malamin dabbobi ya shaida Baba ya zo masa da maganar tun kafin abin ya faru. Ardo Jaɓɓi ya taho da ƙafa daga ruga ya faɗi abin da aka gaya masa a ɗakinmu. Aka sake su, aka dawo mana da buhuna. Malam Sule kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba, ban ma tabbata sunansa ke nan ba.

Amma sakin hukuma daban, sakin gari daban. A kasuwa ana cewa mu muka buga muka ɓoye hoton a rijiya. Wasu suka ce Alhaji ya sayi kansa ne. Wasu Fulani suka daina sayen kanwa a kantinsa, in sun zo wucewa su tsallaka ɗaya gefen hanya. Surukina da kansa ya kira ni gefe ya ce in gaya masa gaskiya, ba zai faɗa wa kowa ba.

Ku da harafi yake fito muku daga cikin gilashi ba ku san abin da ake nufi da buhun haruffa a gauraye ba. Kowane ɗaya sai ka ɗauka, ka goge gishirin da ya manne masa, ka juya shi, ka gane shi a juye. Ga b ga d, ga p ga q, ga n ga u, kowanne kamar ɗan'uwansa. In ka gane harafin, saura girmansa, saura irinsa. Waɗanda suka karye ka ware. Ƙugiyoyin Baba fiye da rabi sun ɓalle. Muka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa inda haske yake, muka jera kwanoni da ƙoƙuna, muka fara. Rani ya same mu a nan. Idon Baba ya fara ruwa, ƙananan haruffan sai ya miƙo mini in faɗa masa.

Wata rana da hantsi inuwa ta rufe mana haske. Alhaji ne. Tun da aka sake su bai tako wurin ba. Ya tsaya yana kallon tulin da ya rage, sannan ya tattare babbar rigarsa ya zauna a gefen tabarma, abin da ban taɓa gani ba. Bai yi maganar abin da ya wuce ba, Baba ma bai yi ba.

Ya ce, “Yohanna, a cikin 'yan abubuwan nan wanne ne ba ya rikitarwa?”

Baba ya tona, ya ɗauko o, ya ɗora masa a tafin hannu. “Wannan, Alhaji. Ko ta ina ka juya shi, shi ne.”

Alhaji ya jawo kwano ɗaya gabansa. Ya wuni yana tsintar masu zagaye da manyan yatsunsa, yana kai kowanne kusa da ido, yana jefawa a kwano. In mai sayayya ya yi sallama a kanti sai ya ɗaga murya ya ce a dawo an jima. Kafin la'asar kwanon ya kusa rabi. Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya kakkaɓe riga, muka tafi masallaci tare, daga can ya wuce kanti.

Da na dawo na tarar Baba ya jawo kwanon Alhaji gabansa, ya matso da shi hanci, yana fitar da sifiri na lissafi daga cikin o ɗin ɗaya bayan ɗaya. Sun kusa kai yawan o ɗin.

Ya ce, “Kada ka gaya masa. Gobe ka shimfiɗa masa tabarmar a wurin da ya fi haske.”